Bayan Fatahi, Wa Zai Yi Cefane?

'Yan uwa ma'abota karatu, yau ku ɗan yi mini haƙuri in janye ku daga labaran soyayya da na kishiyoyi, mu taɓa wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda nake ganin malamanmu da marubutanmu duk sun bar ta a baya. Maganar kuwa ita ce, idan Allah Ya yi wa bawanSa buɗi, zuciyarsa ta haskaka, ya ɗanɗani abin nan da sufaye suke kira ma'arifa, to washegari da safe me zai yi? Shin mutumin da ya kwana yana kuka a kan buzu, shi ne kuma zai tashi ya tambayi nawa ake sayar da kwanon masara, ya biya kuɗin makarantar yara, ya saurari ƙorafin uwargida a kan gawayi ya ƙare? Ko kuwa waɗannan sun zama ƙananan abubuwa da bai kamata a dami mutumin Allah da su ba?

Ni dai nawa ra'ayin, don kada in ja mai karatu da nisa, shi ne duk buɗin da ya raba mutum da haƙƙin da ke wuyansa tafiya ce da aka yi rabinta aka zauna a hanya. Kuma kafin wani ya ce ga ɗan Izala ya zo sukar ɗariƙa, ko ga ɗan ɗariƙa ya zo tallar hajarsa, bari in faɗa tun yanzu cewa cutar da nake magana a kanta ba ta tambayar katin ƙungiya. Akwai ta a wajen mai kwana a zawiyya, akwai ta a wajen mai fita da'awa ta kwana arba'in ya bar gida babu ko ƙwayar hatsi, akwai ta kuma a wajen saurayin da ya fara zuwa majalisin karatu wata uku kacal, ya dawo ya daina gaishe da mahaifiyarsa cikin ladabi saboda wai ta cika bidi'a. Dukkansu sun ɗanɗani wani abu mai zaƙi, wannan ban musa ba. Sai dai zaƙin ya sa suna kallon mutanen gidansu kamar wani shinge da aka gitta tsakaninsu da Ubangiji.

Bahaushe ya riga ya raɗa wa irin wannan mutum suna, ya ce inuwar giginya, na nesa ka sha. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah mai suyar awara a ƙofar gida, da ita take ciyar da yara biyar, mijinta kuwa mutum ne da ake sumbatar hannunsa a waje, ana zuwa daga wasu garuruwa neman addu'arsa. Na ji ta da kunnena tana ce wa wata 'yar uwata: "Yaya, ni fa ban ce Malam ba mutumin Allah ba ne. Amma hasken nan da ake cewa ana gani a fuskarsa, wallahi a zaure yake ajiye shi tare da buzunsa kafin ya shigo." Ba ta yi kuka ba da take faɗar haka, dariya ma ta yi ta ci gaba da juya awararta. Wannan dariyar ce ta fi tsaya mini a rai.

Mu ɗauki Imamu Gazali, tunda babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a san sunansa ba, kuma shi ne masu gudun gida suka fi kafa hujja da shi. An haife shi a Tus, cikin ƙasar Iran ta yau, a 1058. A 1091 waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi a kan kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya da ke Bagadaza, bai ma kai shekara 35 ba, ɗalibai kusan 300 suna zaune a gabansa, sarakuna na neman shawararsa. A 1095 sai ya duba niyyarsa ya ga ashe ba don Allah yake koyarwar ba, don suna ne da ɗaukaka. Ya yi kusan wata shida yana kai gwauro yana kai mari, yau ya ƙudura barin Bagadaza gobe ya warware, har Allah Ya ɗaure harshensa ya kasa furta kalma ɗaya a gaban ɗalibai, abinci ma ya ƙi zama a cikinsa, likitoci suka ce wannan ciwo daga zuciya ya taso. Daga nan ya ajiye kujerar, ya nuna wa mutane Makka za shi alhali Sham ya nufa. A Dimashƙa yakan hau hasumiyar babban masallaci ya kulle kansa yini guda. Ya wuce Baitul Muƙaddasi, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim (AS), sannan ya yi Hajji.

A nan masu ba da labarin suka fi son tsayawa, domin nan ne wurin da ke sa tsigar jiki ta tashi. Amma shi da kansa, a cikin littafinsa Almunƙizu minad Dalal, ya ambaci wasu abubuwa da ba a cika maimaita su a kan mumbari ba. Kafin ya fita ya rabar da dukiyarsa, amma sai da ya keɓe abin da zai ciyar da 'ya'yansa. Kuma da ya zo bayanin abin da ya dawo da shi ƙasarsa, kiran yaran nan ya ambata da damuwa da al'amuransu. Bai ɓoye ba cewa hidimar iyali da neman abin masarufi suna gurɓata masa halwarsa, har yanayin da yake nema ba ya samuwa sai jefi-jefi. To amma ya dawo ɗin. A 1106, shekara goma sha ɗaya bayan barinsa Bagadaza, ya sake hawa kujerar koyarwa a Naisaburi, kujera irin wadda ya gudu ya bari, yana mai bayyana cewa a da ilimin neman matsayi yake yaɗawa, yanzu kuwa ilimin da ake barin matsayi da shi yake kira zuwa gare shi. Ya rasu a garinsu a 1111.

Sannan ku duba abin da mutumin nan ya fito da shi daga shekarun kaɗaici. Ihya'u Ulumid Din littafi arba'in ne a cikin rubu'i huɗu, kuma rubu'i guda sukutum an ba shi ga al'amuran yau da kullum: ladabin cin abinci, ladabin aure, ladabin neman kuɗi, halal da haram, zama da abokai da maƙwabta, tafiya, da sauransu. A babin kasuwa ya yi magana a kan ɓoye abinci don ya yi tsada, da shigar da kuɗin jabu cikin mutane, da ɓoye aibin haja, da tauye awo. A babin aure ya lissafa haƙuri da halin iyali da wahalar nemo musu halal a cikin hanyoyin horar da rai, wato dai mujahada ce kamar yadda azumi da tsayuwar dare suke mujahada. Mutumin da ya kulle kansa a hasumiya, da ya sauko ya ɗauki alƙalami, bai ga ƙasƙanci ba wajen koya mana yadda ake wanke hannu a ci tuwo. Da a ce loma da mudu da shimfiɗar aure ba su da alaƙa da hasken da ya samu, da bai ɓata tawadarsa a kansu ba.

Ba sai mun je Bagadaza ba ma. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya yi irin wannan tafiya a ƙasarmu. Wajajen 1807, ana tsakiyar jihadi, ya duba jama'ar da suka fito don Allah ya ga da yawa sun koma neman mulki da dukiya da ƙwaraƙwarai, zuciyarsa ta ƙi, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa wajen Manzon Allah (SAW), kamar yadda ya ba da labari a Tazyinul Waraƙat. Da ya iso Kano mutanen gari suka tare shi, suka roƙe shi ya tsaya ya koyar da su. Ya kuma ga abin da ya gudo dominsa yana nan a cikinsu su ma. Me ya yi? Ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, littafi a kan yadda ake mulki da shari'a da haƙƙin talakawa, sannan ya juya ya koma wajen yayansa. Daga 1812 shi aka damƙa wa kula da yammacin daula, ya ɗauki wannan nauyi har rasuwarsa a Gwandu a 1829. Duk lokacin da na tuna wannan labari nakan ce, mutum ya fita yana gudun mulki, Allah Ya tsayar da shi a hanya Ya sa shi rubuta wa masu mulki littafi. Da ya wuce abinsa da wataƙila ya fi samun natsuwa, amma da Kanawan wancan lokaci sun rasa malami a sa'ar da suka fi bukatarsa.

Shi kansa Shehu Usmanu ya ba da labarin cewa yana da shekara 36 aka yaye masa hijabi, yana da shekara 40 kuma ya ga abin da ya gani na haɗuwa da Manzon Allah (SAW) da Shehu Abdulƙadir Jilani. Bayan wannan bai shige kogo ba. Jama'a ce ta ƙaru a Degel, hijira zuwa Gudu ta zo a 1804, ga yaƙi, ga yunwa, ga shari'ar mutane. Ruwaya ta shahara cewa da tufkar igiya yake samun abin da zai ci. Kuma a Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke tara almajirai a waje suna karantarwa, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida, ya nuna cewa wannan karantarwar ta waje son a sani ce. Ashe ke nan shekara fiye da ɗari biyu da suka wuce Shehu ya riga ya ga inuwar giginyar nan, ya kuma kira ta da sunanta.

Su kansu sufaye suna da kalmomin da suka warware wannan magana, mu ne dai muka riƙe rabi muka saki rabi. Suna cewa akwai fana'i, wato bawa ya narke har ya daina ganin kansa da komai sai Allah, amma bayansa akwai baƙa'i, wato a dawo da shi cikin halittu yana tafiya da su da sabuwar zuciya. Akwai maye, akwai kuma farfaɗowa daga mayen, kuma Imamu Junaidu na Bagadaza, wanda ya rasu a 910, wanda silsilolin ɗariƙu da yawa suke bi ta kansa, farfaɗowar ya fifita. Junaidun nan ɗan kasuwa ne mai rumfa, siliki yake sayarwa. Ku ma duba laƙubban magabatan sufaye ku sha mamaki: Haddadu maƙeri ke nan, Harrazu baduku, Nassaju masaƙi, Hallaju mai shiɓar auduga, Aɗɗaru mai turare, Saƙaɗi kuwa, kawun Junaidu kuma malaminsa, mai sayar da tarkace. Sai ka ce kana zagaya layukan kasuwar Kurmi. Shehu Abul Hasan Shazali, wanda ya rasu a 1258, an san shi da hana almajiransa barin sana'o'insu, kuma Ibnu Aɗa'illah mai Hikam, wanda ake karantawa a zaurukanmu har yau, tun a farkon littafin ya gargaɗi wanda Allah Ya ajiye a cikin sana'a kada ya yi kwaɗayin yar da ita da sunan keɓewa ga ibada, domin wannan kwaɗayi yana iya zama son rai ne da ya ɓuya.

Wannan batu ya ƙara zama namu tun bayan bayyanar Faila. Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ya bayyana ta a 1929, ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajji na 1937, daga nan ta malalo ƙasar Hausa har Gana da sauran wurare. Babban abin da ta zo da shi shi ne tarbiyya, wadda ta buɗe ƙofar neman ma'arifa ga kowa, tela da mahauci da direba da matar aure, ba sai wanda ya tsufa a kan littattafai ba. Ko mutum ya yarda da wannan hanya ko bai yarda ba, dole ya ga tambayar da ta haifar: idan tela ya ce ya samu wusuli ranar Alhamis, ranar Asabar zai buɗe shagonsa ko ba zai buɗe ba, kuma ɗinkin sallar da ya yi wa mutane alkawari zai cika ko ba zai cika ba? Da yawa sun buɗe shagunansu, sun kuma fi da gaskiya, waɗannan ba a jin labarinsu domin ba su da hayaniya. Wasu kuwa suka maƙale a mayen, suna ganin shari'a ta 'yan baya ce, har aka samu masu kiran kansu 'yan haƙiƙa suna furta maganganun da suka tayar da hankalin Kano a 2015, manyan shehunnan Tijjaniyya suka fito fili suka barranta da su. Shi kuwa Shehu Ibrahim, mai Failar, manomi ne mai gonaki, mai iyali, mai makaranta, wanda ya yi ta tafiye-tafiye a kan al'amuran Musulmi har ajali ya riske shi a Landan a 1975.

Na san za a ce mini, to ina ka bar Rabi'atul Adawiyya da ba ta yi aure ba, ina ka bar majazubai, ina ka bar halwa? Ban bar su ba. Halwa gaskiya ce, kuma wanda bai taɓa janye jikinsa daga surutun duniya ko na dare ɗaya ba, ban ga abin da zai dawo wa mutane da shi ba. I'itikafi ma ai halwa ce da shari'a ta tsara, amma ku lura ta yi mata ranar shiga da ranar fita, ana ganin watan Shawwal sai a naɗe tabarma a koma gida. Rabi'atu kuwa ba ta ɗauki nauyin kowa ta yar ba, ba ta auri wani ta bar shi da yara ba. Majazubi na gaskiya, wanda hankalinsa ya tafi, shari'a ta ɗauke masa alƙalami, mu kuma ba mu ɗauke shi abin koyi ba. Abin da nake ƙi shi ne jazabu na zaɓe, wanda ke kama mutum idan an zo maganar kuɗin haya, ya sake shi idan an zo maganar ƙarin aure.

Kada kuma wani Alhaji ya karanta wannan ya gyara zama ya ce, yauwa, ashe mu da muke kasuwa tun asuba har isha mu ne arifai. A'a, ranka ya daɗe. Wanda ya je ya dawo daban, wanda bai taɓa tashi daga inda yake ba daban, ko da a rumfa ɗaya ka same su. Alƙur'ani a Suratun Nur ya yabi wasu mazaje da cewa ciniki ba ya shagaltar da su daga ambaton Allah, ka ga ke nan suna da cinikin, sai dai bai cinye su ba. A Suratul Jumu'a an ce a bar ciniki idan an kira salla, sannan an ce idan an idar a watsu a nemi falalar Allah. Fita da dawowa ke nan, kowane mako. Bambancin mutanen biyu yana bayyana ne a wurare ƙanana: ranar da yaro ya zo sayayya bai san farashi ba, ranar da aka yi kuskuren ba ka canji fiye da naka, ranar da yaron shagonka ya yi maka asara kana da ikon wulaƙanta shi a gaban mutane.

Sahabbai ma wannan abu ya dame su, kuma wannan yana kwantar mini da hankali. Sayyidina Hanzala (RA) ya taɓa zargin kansa da munafunci, saboda idan yana gaban Manzon Allah (SAW) ji yake kamar yana ganin Aljanna da wuta da idonsa, idan ya koma cikin mata da yara da gonaki sai yanayin ya ragu. Sayyidina Abubakar (RA) ya ce shi ma haka yake ji. Da suka kai maganar, ba a ce su saki iyalinsu su tare a masallaci ba, an nuna musu cewa ɗan'adam ba a halicce shi don ya dawwama a wancan yanayi ba, kowane lokaci da abin da ya dace da shi. Haka Salmanul Farisi (RA) da ya tarar da matar Abud Darda'i (RA) cikin tsummoki saboda mijinta ya juya wa duniya baya, ya tilasta masa karya azumin nafila, ya hana shi tsayuwar dare sai a ƙarshensa, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa, kuma Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salmanu. Abin lura a nan shi ne, daga tufafin matar Salmanu ya gane akwai gyara a ibadar mijin.

Amma hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wajena tana cikin ranar farko ta wahayi. Babu buɗin da ya kai na kogon Hira, kuma babu wanda zai kai shi. Da aka yi shi, ina Manzon Allah (SAW) ya nufa? Gida, wajen Nana Khadija (RA), jikinsa na rawa yana neman a lulluɓe shi. Da ta tashi kwantar masa da hankali cewa Allah ba zai taɓar da shi ba, ba ta kafa hujja da yawan kwanakin da ya yi a kogo ba. Sada zumuncinsa ta ambata, da ɗaukar nauyin mai rauni, da bai wa wanda ba shi da shi, da karrama baƙo, da taimako idan masifa ta sauka. Matar da ta fi kowa saninsa, da abin da take gani a zamansu na yau da kullum ta auna shi. Shekaru bayan haka da aka tambayi Nana A'isha (RA) me yake yi a cikin gida, ta ce hidimar iyalinsa yake yi, idan lokacin salla ya yi ya fita. Shi ne kuma mai taƙaita salla idan ya ji kukan jariri don tausayin uwarsa. Wanda aka kai shi inda Mala'ika Jibrilu bai wuce ba, kunnensa yana jin kukan yaro a sahun baya.

Wannan ya kawo ni kan 'yan uwa mata, waɗanda na san su ne mafi yawan masu karanta mu. Sau da yawa nakan ji mace tana cewa ita kam an bar ta a baya, ga goyo, ga girki, ga wanki, dare ya yi ta gaji ko nafila raka'a biyu ba ta iya yi, ga Malam can yana ta hawa maƙamai. 'Yar uwa, wa ya gaya miki tukunya hijabi ce? Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, uwa ce mai 'ya'ya, mai babban gida da baƙi ba sa yankewa, kuma a cikin wannan hidima ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajis tana ba su malfa su je ƙauyuka su koyar da mata. Uwaisul Ƙarni kuma hidimar mahaifiyarsa ce ta tsare shi a Yaman har bai ga Manzon Allah (SAW) da ido ba, amma shi ne aka umarci Sayyidina Umar (RA) ya nemi ya roƙa masa gafara. Ba ina cewa wanke-wanke ya maye gurbin salla ba ne, kuma ba ina ba maza lasisin jibga wa mata aiki su ce ai lada kuke samu ba. Namijin da ya yarda hidimar gida hanya ce ta zuwa ga Allah, ai sai ya nemi nasa rabon a ciki, ya karɓi yaron nan na awa ɗaya ita ma ta samu ta zauna a kan sallayarta.

Yanzu bari in juyo kan marubutanmu, domin da su nake da sauran magana. Na lura a yawancin littattafan da muke karantawa, da zarar tauraro ko tauraruwa ta tuba, to labari ya ƙare. A yi kuka, a nemi yafiya, a tafi Umara, sai marubuciya ta rubuta tammat bi hamdillah. Idan kuma an kawo mutumin Allah a cikin labari, ɗayan biyu ne: ko boka ne da rawani, ko kuwa wani farin dattijo da ba ya jin yunwa ba ya fushi, aikinsa kawai ya ba da addu'a ya ɓace. Alhali tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna mana wata hanya a Shaihu Umar. Malamin da ake girmamawa ne yake ba almajiransa tarihinsa, sai ga shi yaro ne da aka sace, wanda ya samu ilimi da matsayi a ƙasar Larabawa, amma begen mahaifiyarsa ya hana shi zama har ya bar komai ya fita nemanta, ya same ta cikin wahalar bauta gab da rasuwarta. Da uwar nan da raɗaɗinta aka gina malamin, shi ya sa har yau muke jin sa a jikinmu.

Ina son in karanta littafin da zai fara daga inda sauran suke tsayawa. A ba mu Hajiyar da ta dawo daga Umara da zuciya sabuwa, ta tarar kishiyarta ba ta canza ba ko kaɗan, 'yar aikinta kuma ta ƙona mata leshi mai tsada, a nuna mana abin da bakinta zai furta a wannan minti. A ba mu muridin da ya fito daga tarbiyya yana ganin komai haske, ya iso gida ya tarar mai gidan haya a zaure yana jiransa, yaro kuma ba lafiya, aljihu babu ko sisi. A bi shi zuwa kantin magani mu ji yadda zai roƙi bashi, a bi shi ya dawo mu ga ko zai ɗauki yaron ya yi jijjigarsa ko zai miƙa wa uwar ya ce shi lokacin wazifa ya yi. Wadda duk ta rubuta wannan, ni dai zan bi ta babi bayan babi, ko da za ta kai shafi ɗari biyar.